Daga tashe zuwa TikTok: Yadda fili ke ƙara ƙure wa masu wasan kwaikwayo a Arewa

A 'yan shekarun nan, da zarar azumi ya doshi kwana goma, akwai sanarwar da mutanen Kano suka fara sabawa da ita: rundunar 'yan sandan jihar ta dakatar da tashe. Dalilin da ake bayarwa kusan ɗaya ne a kowane lokaci, wato 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da cunkoson dare su yi ta'asa.

Babu mai musun cewa matsalar gaskiya ce. Duk wanda ke zaune a birnin ya san abin da ƙwacen waya ya jawo, ya kuma san gidajen da aka yi zaman makoki saboda wayar da ba ta kai ta kawo ba.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: mene ne ainihin abin da ake dakatarwa? Tashe ba tarin yara masu buga gwangwani ba ne kawai. Daɗaɗɗen wasan kwaikwayon kan titi ne da Bahaushe yake da shi, kuma kusan shi kaɗai ne ya rage wanda ba a sayen tikitinsa, ba a neman lasisinsa, ba kuma a ofis ake rubuta shi ba.

Idan aka haɗa wannan da abin da ke faruwa da masu gajerun bidiyo a waya, za a ga filin da mai wasa yake tsayawa ya faɗi magana yana ƙurewa ta fuska biyu a lokaci guda.

Wasan da ake faɗar gaskiya a cikinsa

Masana al'ada suna danganta kalmar tashe da tashin mutane domin sahur. Da tafiya ta yi nisa sai ya zama wasa mai zaman kansa, ana farawa daga goma ga watan Ramadan, yara da samari da 'yan mata suna bi gida-gida da kasuwa-kasuwa bayan an sha ruwa.

Idan aka duba wasannin ɗaya bayan ɗaya, za a ga kowanne yana da wanda yake nufi. A tashen Jatau Mai Magani, ana kwaikwayon mai tallar maganin gargajiya da ke da maganin kowace cuta a jakarsa. A wani kuma yaro ne zai yi shigar malami, da allo da gemun auduga, ana zarginsa da taka rawa yana musantawa, alhali ƙafarsa ba ta daina motsi ba. 'Yan mata suna da Mairama da Daudu, inda suke kwaikwayon zaman aure. A Kano kuwa akwai tashen gwauro, wanda Nalako, sarkin gwagware, yake jagoranta, a fito da mazan da suka ƙi ajiye iyali a yi musu tsiya a bainar jama'a.

Abin lura a nan shi ne izinin da al'umma ta bayar. Yaron da a sauran watanni goma sha ɗaya ba ya iya ɗaga ido ya dubi malami ko attajiri, a waɗannan darare yana iya tsayawa a ƙofar gidansa ya kwaikwaye shi, a yi dariya, a kuma ba shi sadaka.

Ba tashe kaɗai ke da irin wannan izini ba. A wasan gauta, matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin yana kallo. A kalankuwa, samarin ƙauye suna naɗa nasu sarkin da alƙalin bayan kaka. A Damagaram akwai wasan kara mai kama da haka. Magabata sun fahimci cewa mulkin da ba ya barin a yi masa dariya ko sau ɗaya a shekara, yana rasa hanyar jin abin da talaka ke faɗa a bayan idonsa.

Lokacin da jami'a ta fita titi

Waɗanda suka fara mayar da wannan gado wani abin gwaji na zamani su ne malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun daga tsakiyar shekarun 1970, sashen wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda Michael Etherton ya taka rawa wajen kafawa, ya riƙa fitar da ɗalibai daga aji zuwa cikin jama'a.

A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, daga baya aka je Maska da Bomo, sannan aka riƙa yin wasanni a titunan Samaru. Masana irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan fage, kuma a 1989 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan wasa ta ƙasa baki ɗaya.

Tsarin ya sha bamban da wasan dandamali. Ɗalibai sukan zauna da mutanen gari su saurari damuwarsu, ko ta taki ce, ko ta ruwan sha, ko ta ƙwacen gona. Daga nan sai a gina wasa ba tare da rubutaccen labari ba, a yi shi a gindin bishiya ko bakin kasuwa. Sau da yawa akan tsayar da wasan kafin ya ƙare, a tambayi 'yan kallo yadda ya kamata a warware matsalar, wani ma ya shigo fili ya gwada tasa dabarar.

Wannan salo yana da alaƙa da aikin Augusto Boal, ɗan ƙasar Burazil da ya yi fice wajen mayar da ɗan kallo ɗan wasa. Amma a Zariya bai zama baƙo ba, domin mutanen da suka tashi da tashe ba sa buƙatar a koya musu shiga cikin wasa.

Irin wannan wasa bai mutu ba, sai dai ya sauya ubangida. A yau idan ka ga ana wasan kwaikwayo a tasha ko kasuwa, mafi yawanci wata ƙungiya ce ko ma'aikata ta ɗauki nauyi domin wayar da kai kan rigakafi, tsafta ko zaɓe. Aiki ne mai amfani, amma saƙon daga ofis yake fitowa, an kuma san ƙarshen labarin tun kafin a fara.

Wato wasan titin da ake bari shi ne wanda wani ya biya kuɗi ya tsara abin da za a faɗa. Wanda ake dakatarwa kuwa shi ne wanda jama'a suke ƙirƙira da kansu.

Daga dandali zuwa kaset, daga kaset zuwa waya

Masana'antar Kannywood kanta daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa a Kano. Ƙungiyoyi irin su Gyaranya da Jigon Hausa su ma sun yaye 'yan wasa da dama kafin kyamara ta zama ruwan dare.

Da fim ya zama kasuwa, sai hukuma ta biyo shi. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Bayan badaƙalar bidiyon da ta girgiza masana'antar a 2007, an shiga wani zamani na kame da ɗauri. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda kundin Bahaushiya, marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga gidan yari a 2008, haka shi ma Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen wannan shekara.

A 2016, shirin gwamnatin tarayya na gina alƙaryar fim a Kofa ya rushe bayan adawar da wasu malamai suka nuna. A watan Mayun 2025 kuma hukumar tacewar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su.

Idan manyan furodusoshi masu ofis da lauya suna fuskantar haka, ina ga matashin da ba shi da komai sai waya?

Amsar ta fito a watan Nuwamban 2022, lokacin da wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da aka ce sun ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ko me mutum zai ce game da kalaman da suka yi amfani da su, saƙon da sauran matasa suka ɗauka shi ne: yi wa budurwa ko ɗan acaɓa barkwanci, amma ka kiyayi mai mulki.

Waya ba ta maye gurbin titi

Wasu na cewa ba a yi asarar komai ba, tunda tashen ya koma intanet, kuma a can ma ya fi samun 'yan kallo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Kaduna, wasu matasa da ake kira Critics Company sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun fina-finan almarar kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi, har fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aika musu da kayan aiki. Da titi kawai suka dogara, da ba a san da su ba.

Gajeren fim mai zolayar masu mulki ma ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Bon Voyage Sim a 1966, wani ɗan fim na zane inda kwaɗi suke kwaikwayon shagalin ziyarar shugabannin ƙasa.

Amma akwai bambance-bambance uku tsakanin titi da waya da bai kamata a raina ba.

Na farko, wasan titi yana ƙarewa a inda aka yi shi. Wanda aka zolaya yana nan, ya san yaran, ya san iyayensu, ya san watan da ake ciki. Bidiyo kuwa ba ya mutuwa. Ana iya yanko daƙiƙa goma daga cikinsa a yaɗa ga mutanen da ba su san mafarin zancen ba, bayan shekara biyu kuma ya zama hujja a gaban alƙali. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya daɗe yana shan suka saboda yadda ake amfani da shi a kan masu sukar hukuma.

Na biyu, a titi jama'a ne alƙalai. Idan wasa ya wuce gona da iri, dattijo zai tsawatar nan take, idan ya yi armashi a ƙara sadaka. A waya kuwa manhaja ce ke zaɓar abin da za ta tura wa mutane, kuma abin da ya fi tayar da ƙura shi ta fi turawa. Shi ya sa zagi da tsiraici suke saurin yaɗuwa, gajeren fim mai zurfin tunani kuma ya ƙare da 'yan kallo ɗari biyu. Abin da hukuma ke kuka da shi a TikTok, wani ɓangarensa sakamakon wannan tsari ne.

Na uku, titi makaranta ce kyauta. Yaron da ba shi da waya, ba shi da kuɗin data, yana iya koyon sarrafa murya, haddace baiti, haɗa kayan wasa da tsumma da kwali, da tsayuwa gaban jama'a ba tare da kunya ba. Idan aka rufe wannan makaranta, wasan kwaikwayo zai koma na 'ya'yan masu hali.

Abin da ya faru a wasu wurare

Tarihi ya nuna cewa wasan da ake yi a fili, da harshen talaka, ya fi tayar wa masu iko hankali fiye da wanda ake yi a ɗakin taro.

A Kenya, Ngugi wa Thiong'o ya daɗe yana rubutu da Turanci ba a taɓa shi ba. Da ya haɗa kai da manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu suka yi wasa da harshen Kikuyu a 1977, sai aka janye izinin wasan, aka tsare shi kusan shekara guda ba tare da shari'a ba. A 1982 aka rushe dandalin da mutanen ƙauyen suka gina da hannunsu.

A Indiya, 'yan bangar siyasa sun far wa Safdar Hashmi ranar 1 ga Janairun 1989 yana tsakiyar wasan titi a kusa da birnin Delhi, washegari ya rasu. Bayan kwana biyu da rasuwarsa, abokan wasansa suka koma wurin suka ƙarasa wasan.

A nan gida Najeriya, an kama Jelili Atiku, mai fasahar da ke amfani da jikinsa da shiga ta ban mamaki wajen isar da saƙo, a watan Janairun 2016 bayan wani wasa da ya yi a titunan Ejigbo da ke Legas. Daga baya aka sallame shi daga tuhumar.

Adalci ne a ce lamarin tashe a Kano ya bambanta da waɗannan. 'Yan sanda ba su ce saƙon tashe ne ya dame su ba, tsaro suka ambata. Amma sakamakon yana iya zama ɗaya. Idan hukuma ta saba da cewa rufe taro shi ne hanya mafi arha ta magance barazana, to kowane taro yana cikin haɗari. Hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, shi ma an dakatar da shi fiye da sau ɗaya a 2024 da 2025 bisa dalilan tsaro masu nasaba da rikicin masarauta.

Hujjar masu goyon bayan hani

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu goyon bayan dakatarwar suna da hujjoji masu nauyi. Birnin Kano na yau ba shi ne na shekaru arba'in da suka wuce ba, lokacin da kowa ya san ɗan kowa a unguwa. Iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu mata su fita da dare. Wasu malamai na ganin tashe yana shagaltar da yara daga ibada a darare masu falala, wasu kuma na cewa ya rikiɗe ya zama bara da tare motoci a kan titi. Akwai ma wasannin da ke zolayar wasu ƙabilu, waɗanda a yanayin yau suna iya zama abin faɗa.

Sai dai duk waɗannan hujjoji ne na gyara, ba na kashewa ba. 'Yan daba suna shiga taron siyasa, suna shiga kallon ƙwallo, suna shiga bikin aure, amma ba a soke siyasa ko ƙwallo ko aure ba, jami'an tsaro ake ƙarawa. Tashe ne kawai ba shi da mai tsaya masa, domin masu yin sa yara ne da talakawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ta fuskar doka ma akwai abin dubawa. Sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba da 'yancin faɗar albarkacin baki da na taruwa. Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiya, amma ta hanyar dokar da hankali zai ɗauka a tsarin dimokuraɗiyya. A 2007, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP cewa ba dole ba ne a nemi izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Hanin da ake maimaitawa kowace shekara, kan mai uwa da wabi, yana buƙatar bayani fiye da sanarwar sakin layi biyu.

Ina mafita?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana son tashe ya dawo lafiya, tun watan Sha'aban ya kamata a zauna: 'yan sanda, masarauta, masu unguwanni, 'yan sintiri, da jagororin tashe irin su Nalako.

Ana iya ƙayyade lokaci, misali daga bayan sallar asham zuwa wani sa'i da aka amince da shi. Ana iya cewa kowace tawaga ta tsaya a unguwarta, da babba guda da mai unguwa ya sani. Ana iya hana rufe fuska da ɗaukar duk wani abu mai kama da makami. Abin da za a yi wa rajista shi ne mutanen, ba kalaman da za su faɗa ba.

Wurare irin su Gidan Ɗan Hausa da filayen makarantun gwamnati suna iya zama dandalin gasar tashe da wasan kwaikwayo, ba a azumi kaɗai ba. Yawancin tsofaffin silimun Kano sun rufe ko sun koma wani abu daban, don haka matashin da ya yi gajeren fim ba shi da inda zai haska shi ya ji ra'ayin mutane ido da ido. Majigi da farin ƙyalle a filin makaranta sun isa a fara.

Ita ma hukumar tace fina-finai tana iya ware rukuni na musamman ga ɗalibai da masu gajerun fina-finai, mai sauƙin kuɗi da saurin amsa, da ƙa'idoji rubutattu da kowa zai iya karantawa a wayarsa. Matashin da ya san iyakarsa a fili ya fi wanda ke aiki cikin fargaba ƙirƙira, kuma ya fi sauƙin jawowa kusa.

Akwai kuma darasi daga Nijar. A zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta tallafa wa ƙungiyoyin Samariya da bikin matasa na ƙasa, wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa, 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka zama sanannu a gidaje. Amma tallafin ya zo tare da sa idon gwamnatin soja. Don haka abin da masu wasa ke buƙata daga hukuma shi ne tsaro da fili, ba rubutun labari ba.

Al'adar da ake koya ta hanyar yi ba ta jure dogon hutu. Yaro yana koyon tashe ne daga yayansa, shi ma daga wanda ya girme shi da shekara biyu ko uku. Idan aka jera azumi biyar ko shida ba a yi ba, yaran da ya kamata su koyar sun girma, na bayansu kuma ba su taɓa gani ba. A lokacin ko an ɗage hanin, sai an nemo wanda ya iya.